Shafin Ƙarshe na Littafin Fasto Hosea

Ranar Laraba aka kawo wa Malama Zipporah littafin, tana tsakiyar darasi. Ajin nata na manya ne, mutum goma sha ɗaya in an cika, suna zama a barandar majami'a da la'asar saboda zafin kwanon ciki ba ya barin mutum ya yi tunani. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da ilimin addinin Kirista a sakandaren 'yan mata. Da ta yi ritaya ta ga zaman gida zai tsufar da ita da wuri, sai ta roƙi dattawan ikilisiya su ba ta wannan aji. Sun ba ta, wasunsu kuma har yau suna da-na-sani, don ita ba haddar ayoyi take koyarwa ba. Yadda Littafi Mai Tsarki ya iso hannun mutane take koyarwa: wa ya rubuta, wa ya kwafa, su wa suka zauna suka ce wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje.

A ranar ta rubuta kalmomi huɗu a allo: asali, kwafi, ƙari, shaida.

"Asali ita ce takardar da marubuci ya taɓa da hannunsa," in ji ta. "Ba mu da ko ɗaya. Abin da ya iso mana kwafin kwafi ne."

Queen mai sayar da atamfa ta dafa ƙirji. "Malama, ke dai so kike ki rushe mana bangaskiya."

"In tambaya ɗaya ce za ta rushe ta, Queen, da me aka gina ta? Da kara?"

Ana cikin dariya Dattijo Albert, shugaban dattawan ikilisiya, ya tsaya a bakin baranda riƙe da baƙar leda da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya yafito ta gefe.

Ikilisiyar tasu a gefen Karewa take, cikin Jimeta, kuma yawancin masu sujada a ciki ba 'yan gari ba ne. Daga wani ƙauye na gindin dutse gaba da Michika suka gudo, a watan Satumba na 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga. Fastonsu, Hosea, bai fito ba. Motar ikilisiya, wata tsohuwar a-kori-kura, ta cika da mata da yara, fasto ya koma don ya ɗauko wani tsoho makaho, direba kuwa ya tayar da mota ya tafi. Waɗanda ke bayan motar sun ga fasto a bakin hanya yana ƙara nisa. Sunan direban Absalom. Da aka taru a Jimeta dattawa suka sa shi horo: zai zauna a bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke rabawa a sujada. Ba a faɗi ranar ƙarewa ba, babu kuma wanda ya so ya zama shi ne ya ta da maganar a gaban matar fasto. Haka shekara goma ta wuce. Yanzu ƙodar Absalom ta lalace, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya rubuto takarda yana roƙo a ɗauke masa horo kafin Lahadin tunawa da ranar gudun, wadda saura kwana goma sha ɗaya.

"Mama Fasto ce ta samo shi a ƙarƙashin akwati," Albert ya ce, yana buɗe ledar. "Wa'azozin marigayi ne. Amma duba shafin ƙarshe."

Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, mai koren bango. A saman shafin ƙarshe akwai kwanan watan ranar da aka gudu. A ƙasa layi uku ne kawai: Na umarci Absalom ya tafi da mata da yara da zarar mota ta cika, kada ya jira ni. In ban same su ba, kada kowa ya ɗora masa laifi.

"Bawan Allah ya yi magana daga kabari," in ji Albert, idonsa ya kawo ruwa. "Za mu karanta shi a kan bagade. Ke kuka yi kwalejin malamai tare da shi, kin san rubutunsa. Ki duba ki sa mana hannu kawai, don masu surutu."

"Kawai," in ji Zipporah.

Ta kai littafin gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta sa tabarau. Rubutun ba na Hosea ba ne, na matarsa Rebeka ne daga farko har ƙarshe, amma wannan bai dame ta ba. Ta san idonsa ya yi yana a shekarunsa na ƙarshe, shi yake faɗa matar tana rubutawa. Ita kanta ta sha gaya wa ajinta cewa ko a cikin manzanni akwai mai yin shifta wani na rubutawa, kuma magana ta mai faɗa ce ba ta mai riƙe alƙalami ba.

Abin da ya dame ta daban ne. Wa'azozin na Hosea ne, babu shakka. Mutum ne da ba ya iya faɗin abu ɗaya sai ya bi ta gonar dawa, ya ratsa ta wurin akuyar maƙwabci, ya dawo. Tun suna ɗalibai haka yake, a tambaye shi ƙarfe nawa ya ba ka labarin agogon. Shi ne zai yi layi uku ya tsaya? Sannan wane ne, yana jin harbi a bayan gari, zai ce mata kawo biro, har da kwanan wata? Ta sake karanta layin ƙarshe. Kada kowa ya ɗora masa laifi. Wanda ya rubuta wannan ya riga ya san an ɗora. Irin wannan take kira shaidar ciki, abin da rubutu yake tonawa game da kansa. Saura shaidar waje.

Ta juya bangon baya. A kusurwa akwai wurin da aka kankare da reza, amma ba a gama ba. Ana iya ganin gefen wani hatimi da rabin kalma.

Washegari ta hau keke napep zuwa cikin garin Yola, gidan Hajiya Ruƙayyatu, wadda suka koyar tare shekara ashirin. Lokacin da 'yan gudun hijira suka cika makarantu da filaye, Ruƙayyatu na cikin malaman da suka riƙa zuwa sansani suna koyar da yara kyauta.

Ruƙayyatu ta tarye ta da gaisuwar Fulatanci. "Jam ɓandu na, Adda? Yau wace iska ta tsallako da ke daga Jimeta?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba, amma ki ba ni ruwa tukuna."

Ruƙayyatu ta karɓi littafin, ko buɗewa ba ta yi ba. "Wannan ai namu ne na sansani. Wata ƙungiyar agaji ta kawo su katan-katan. Nan da aka kankare an rubuta ba na sayarwa ba ne. Da hannuna na raba su."

"Yaushe?"

"Bayan sabuwar shekara. Fabrairu, 2015. Na tuna don jikata tana sati biyu da haihuwa."

Wata biyar ke nan bayan an kashe Hosea. Zipporah ta ba ta labarin a taƙaice. Ruƙayyatu ta girgiza kai.

"Ku dai da takarda! Mu a makarantar Islamiyya ba a fara tambayar me aka rubuta. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma mutumin kirki ne ko maƙaryaci, da wannan ake farawa."

"Mu ma haka aka fara. Daga baya muka ga bugun inji muka manta."

A hanyar dawowa ta gama shari'arta a ranta. Absalom ne. Ko matarsa. An je an yi wa Rebeka kuka, an nuna mata kumburarrun ƙafafu, tsohuwa mai taushin zuciya ta ɗauki biro. Ko kuwa ba kuka ba ne, wani abu aka riƙe mata. Zipporah ta daɗe a duniya, ta ga takardun shaidar haihuwa da aka rage wa shekaru da wasiƙun iyaye da 'yan aji uku suka rubuta wa kansu. Mai amfana da takarda, shi take fara dubawa.

Ta sami Rebeka a tsakar gidan haya tana tsince yakuwa. 'Yar siririyar mace ce, ba ta cika magana ba, kowa a ikilisiya Mama Fasto yake ce mata. Zipporah ta zauna a kan turmi, ta ajiye littafin a tsakaninsu, bangon baya a sama.

"Mama Fasto, a sansani aka ba ki wannan."

Hannun Rebeka ya tsaya a cikin ganyen. "E."

"To ina wanda aka rubuta a gida?"

"Ya jiƙe. Mun sauka daga mota mun tsallake rafi da ƙafa, yana cikin zanena. Da muka iso ya manne, tawada ta zube. Na riƙa ɓanɓarewa a hankali ina kwafe abin da ido zai iya gani. Inda ya goge na cika da abin da na tuna, ai ni na rubuta da fari. Sauran ya zama gari."

"Wannan na yarda. Kwafi ne, ba laifi. Shafin ƙarshe fa?"

Wata kaza ta zo ta ja ganye ɗaya, babu wanda ya kore ta.

"Biron ma daban ne," in ji Zipporah. "Na sauran shafuka ya koɗe, wannan kamar jiya. Wa ya sa ki? Absalom?"

"Absalom bai san da shi ba."

"Matarsa?"

"Malama, ba wanda ya sa ni. Watan jiya na rubuta, a kan turmin nan da kike zaune." Ta ɗago kai. "Bai rubuta ba. Amma ya faɗa. Ni ya gaya wa, da ya ɗaga ni ya sa a bayan mota. Ya ce ki gaya wa Absalom in ta cika ya tafi, kada ya jira ni. Ban kai ga gaya masa ba, motar ta tashi."

"Shekara goma kina da wannan a bakinki?"

"Shekara goma." Ta ajiye ganyen da ke hannunta. "Ranar da dattawa suka zauna, an tambaye ni ko ina da magana, na ce babu. Ina jin haushi. Mijina ya zaɓi tsohon nan ya bar ni da yara biyar, ba zan iya jin haushin matacce ba, ba zan iya na Allah ba. Ga Absalom a raye. Duk Lahadi in na waiwaya na gan shi a baya sai in ji sanyi. Daga baya sanyin ya ƙare, sai kunya. Shekara tana ƙaruwa, faɗar tana ƙara nauyi."

"Shi ne kika sa a bakin marigayi."

"Maganarsa ce ai, na mayar masa. Kuma ki faɗa mini gaskiya, in na tashi na ce ga abin da ya faɗa, wa zai ji? Za su ce tsohuwa ta ga mutum zai mutu ta ji tausayi. Amma takarda? Kin ga Albert da kanki, har kuka ya yi."

Zipporah ta dube ta da kyau. Labarin ya zauna daidai, kuma daidaituwar ce ba ta so. Mai tausayin ma haka za ta tsara shi.

"Ki sa hannu kawai, Malama. Mutumin ba zai kai Kirsimeti ba."

"Ba zan sa hannu a kan cewa Hosea ya rubuta abin da bai rubuta ba. In kuma na ce jabu ne na yi shiru, za su ce Absalom ne ya ƙaga, su ƙara masa wani laifin. Hanya ɗaya ta rage, kuma ba a hannuna take ba. Asabar ƙarfe huɗu dattawa za su zauna."

Rebeka ta koma tsintar yakuwa, ba ta ce za ta zo ba.

Ranar Asabar dattawa bakwai suka zauna a ofishin majami'a, da Fasto Joel, matashin da aka turo musu shekara uku da suka wuce. Absalom yana kan kujera kusa da ƙofa, ƙafafunsa cikin silifas da aka yanke wa madauri. Zipporah ta faɗi abin da ta gano ɗaya bayan ɗaya: littafin daga sansani yake, wa'azozin kwafi ne amintacce, shafin ƙarshe ƙari ne da aka yi kwanan nan.

Fuskar Albert ta sauya. Ya juya ga Absalom. "Ashe har matacce ba ka bari ba?"

"Baba Albert, ni ban taɓa ganin littafin nan ba."

"Ni na rubuta."

Rebeka ce a bakin ƙofa, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta. Ba ta zauna ba. Ta faɗi abin da ta gaya wa Zipporah, ba ta rage haushin ba, ba ta rage kunyar ba.

Da ta gama, Albert ne ya fara. "Mama Fasto, muna girmama ki. Amma shekaranjiya muna da rubutun bawan Allah, yau kuwa maganar mutum ɗaya ce, bayan shekara goma. Ba ɗaya ba ne."

"Ɗaya ne, Dattijo," in ji Zipporah. "Shekaranjiyar ma maganarta ce, a takarda dai take, kuma ka yi kuka. Yau ga mai maganar a tsaye, kana iya tambayarta, kana iya kallon idonta, sai ka ce ta ragu? Linjilar da kake karanta mana duk Lahadi, shekara nawa ta yi a bakin shaidu kafin a rubuta? Ta fi goma."

"Wancan hurarre ne, Malama. Kada ki haɗa."

"Ban haɗa ba. Ban ce a ɗora littafin nan a kan bagade ba, kai ka ce."

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Fasto Joel ya ɗaga hannu, ya juya ga mai zama kusa da ƙofa.

"Baba Absalom, ko fasto ya taɓa gaya maka wani abu makamancin haka? Ko da safiyar, ko kafin nan?"

Kowa ya san abin da ake miƙa masa. E ɗaya ta ishe shi, shaidu sun zama biyu. Zipporah ta gyara tabarau, wannan e ɗin take jira tun ranar Alhamis don ta tabbatar da zarginta.

Absalom ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. "Bai gaya mini ba. Ba wanda ya gaya mini komai. Na ga babura sun fito ta bayan makaranta, yara suna ihu a bayan mota, ƙafata ta taka mai. Na gan shi a madubi." Ya ɗago kai. "Ko da ya ce in jira, ban sani ba ko zan jira. Tsoro na ji. Ban zo in ce ba ni da laifi ba. Na zo ne in roƙa a bar ni in ci Jibi kafin in tafi."

"Kun ji daga bakinsa," in ji Albert.

Fasto Joel ya dubi Zipporah. "Malama, ke kin gaskata Mama Fasto?"

"Ba na wurin, Fasto. Ban sani ba, kuma babu wanda zai sani." Ta rufe littafin. "Amma a aikinmu akwai abin da ake aunawa. Shaidar da take jawo wa mai ba da ita kunya ta fi wadda take ƙara masa girma nauyi, don mutum ba ya ƙaga abin da zai zubar da mutuncinsa. Matar nan ta shigo Mama Fasto, za ta fita wadda ta bar mutum a bencin baya shekara goma tana sane. Shi kuma an miƙa masa mafita yanzun nan ya ƙi karɓa. Na zo nan ina zarginsa da ƙaga takarda. Wannan zargin na janye."

Aka fitar da su ukun, dattawa suka rufe ƙofa. Suka zauna a baranda, benci guda, Rebeka a wannan ƙarshe, Absalom a wancan, Zipporah a tsakiya da jakarta a cinya. Ana jin muryar Albert tana tashi tana sauka. Hadari ya haɗu ta wajen kogi, bai zubo ba. Can Absalom ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mama, da gaske ya faɗa?"

"Ya faɗa."



Huɗu suka yarda, uku suka ƙi. Aka ɗauke horon, da sharaɗin Rebeka za ta tsaya gaban jama'a ta maimaita da bakinta, littafin kuma ba za a karanta shafinsa na ƙarshe ba.

Ranar Lahadin tunawa majami'a ta cika har waje. Rebeka ta tsaya ta faɗa, cikin jimla biyar ko shida. Wasu mata a layin zumunta suka sunkuyar da kai, wata ta tashi ta fita da ɗanta. Da aka zo Jibi, Albert ya miƙa wa wani dattijo farantin gurasar da yake rabawa ya koma ya zauna, ya naɗe hannu. An tanadar wa Absalom wuri a gaba, amma ƙafafun sun ƙi, da kyar aka shigo da shi, sai ya zauna inda ya saba. Fasto Joel ya sauko da kansa riƙe da gurasa da ƙoƙo ya bi tsakiyar majami'a har ƙarshe, kawuna suna juyawa suna bin sa.

Zipporah ba ta juya ba. Rebeka take kallo, ko za ta ga wani abu a fuskarta, irin na wadda ta sauke kaya ko irin na wadda dabararta ta yi. Rebeka tana zaune a miƙe, idonta a kan bagade, ƙaramin ƙoƙon a hannunta ba ta sha ba tukuna. Daga baya aka ji muryar Absalom, a dushe, ya ce amin. Sannan ta sha.